Tulun Yakuwa a Banaras

Tun ranar da muka dawo daga ƙona gawar mahaifiyarmu, Nanna ya yi sallama da abinci. Nanna shi ne mahaifinmu, Kotayya mai shagon yadi a kasuwar Tenali, can kudancin Indiya, mutumin da a da in ya zauna gaban ganyen ayabar da muke cin abinci a kai sai an ɗora tukunya ta biyu. Yanzu kuwa a kawo masa miyar wake, ya dube ta ya ture. A kawo kindirmo, ya ture. Na soya masa yalo da dakakkiyar gyaɗa, ya ce in kai wa maƙwabta. Kafin a jima zanen da yake ɗaurawa ya fara zagaye ƙugunsa har da saura, ni kuma tsoro ya kama ni da gaske, don na san yadda tsofaffin garinmu suke bin matansu. Ba sa cewa komai, rage loma kawai suke yi har a wayi gari babu su.

Abu ɗaya ya yarda ya shiga bakinsa, yajin yakuwar da mahaifiyarmu ta daka kafin ta kwanta ciwo. Kowace mace a ƙasarmu tana yin sa: a soya ganyen a man riɗi, a daka da jan barkono da tafarnuwa da hulba da gishiri, a danna a tulun tangaran, ya shekara bai lalace ba. Amma na mahaifiyarmu Tayaramma daban ne. Ita ba ta san awon gishiri ba. Da tafin hannu take ɗiba, sau biyu, sannan ta ƙara na uku ko da na biyun bai shiga ba. Baƙi in sun ɗanɗana sai ka ga idonsu ya kawo ruwa, su ce lallai matan Tenali akwai hannu. Shekara arba'in da ɗoriya ba a taɓa zuba wa Nanna shinkafa babu yajin nan a gefe ba, kuma kullum sai ya ce a ƙara. Duk unguwa an san wannan, har mata suna yi wa mazajensu gori da shi.

Ni ma a kansa na tashi, kuma ba zan ɓoye ba, a duniya babu abin da nake so kamar yakuwa. Lokacin da aurena ya mutu na tattaro keken ɗinkina na dawo gida, mahaifiyarmu ta zaunar da ni a kicin. Shinkafa mai zafi ta zuba min da man shanu, ta ɗora yajin a kai, ta zauna tana kallona har na cinye.

Matsalar tulu ita ce yana da gindi. Da na ji cokali ya fara karo da ƙasansa, na je kasuwa na sayo yakuwa, na soya a gidan maƙwabciyarmu don kada ƙamshi ya tona min asiri, na runtse ido na zuba gishiri irin na marigayiya, na juye a ƙarƙashin ɗan abin da ya rage. Nanna ya ci kamar kullum. Na sake yi, na kuma sakewa. Sauran miyoyi kuwa na daina wahalar da kaina da su, tunda ture su yake yi. Safe da rana da yamma shinkafa da yakuwa ce, in cuɗa masa da hannuna, in tsaya a kansa. Ya yi 'yan lomominsa ya wanke hannu. Da 'yan lomomin nan yake raye, ni kuma ina ji da kaina cewa ni ke riƙe da ran tsohon.

Ana haka sai ga Yaya Ranga daga Haidarabad, shi da matarsa Sailaja, wadda muke kira Wadina yadda ake kiran matar wa. Yayana irin 'ya'yan nan ne masu matuƙar ƙaunar iyayensu ta waya. Ya zo da na'urar awon jini a jaka, tun bai sha ruwa ba ya ɗaure wa Nanna hannu, ya karanta lambar, ya ja ni kicin.

"Gishiri kike ɗura masa safe da yamma, Nagamani," in ji shi. "Jininsa ya hau. Kashe shi za ki yi."

"In na hana shi, yunwa ta kashe shi kafin jinin ya gama hawa. Zaɓi wanda ya fi maka sauƙin zuwa jana'iza."

Wadina ta leƙo daga bakin ƙofa, don kicin ɗinmu ba ya karɓar tufafinta. "Mu dai a gidanmu dafaffen alkama muke ba tsofaffi, babu gishiri babu mai."

"Shi ya sa tsofaffin gidanku ba sa daɗewa suna damun ku," na ce.

Da faɗan ya yi nisa, sai muka ji muryar Nanna daga kujerarsa ta tsakar gida. "Ku nemi tikitin jirgi. Za mu kai uwarku Banaras."

Tokar mahaifiyarmu tana 'yar tukunyar ƙasa a wajen mai kula da maƙonar gawa, tana jiran ranar da za a kai ta Ganga, kogi mai tsarki da ya bi ta Banaras can arewa, kuma duk lokacin da aka tayar da zancen Nanna cewa yake ba yanzu ba. Ya kamata in yi murna da ya yarda. Amma ina kallon fuskar Yaya Ranga na ga wani haske ya bayyana a kanta, nan take na gane abin da ya faɗo masa.

Duk wanda ya je Banaras daga ƙasarmu sai ya baro wani abu a can. Bayan wanka a Ganga, mutum zai ɗebi ruwa a tafin hannu ya ambaci ganye ɗaya, ko kayan miya, ko ɗan itace, ya saki ruwan, shi ke nan shi da abin har mutuwa. Abin da ka fi so aka ce ka bari, don zuciya ta koyi rabuwa. Mutanenmu kuwa sun daɗe da samo wa zuciya sauƙi. Kawunmu ya baro kabewa, wadda tun yana yaro in an dafa ta yake barin gidan. Gwaggonmu ta baro gwanda, mai sa ta amai. Da Ganga tana tara abin da 'yan Tenali suke bar mata, da ta cika da garafuni mai ɗaci har ta yi ambaliya. Amma fa da zarar an faɗa an faɗa, ban taɓa ganin wanda ya koma ya ci abin da ya bari ba, ko da maƙaryacin unguwa ne.

Dabarar Yaya ke nan. Abin da likita ya kasa, kogi zai yi. In Nanna ya ambaci yakuwa a bakin Ganga, babu ni babu sake zuba masa, kuma ni na san in aka ɗauke wannan babu abin da ya rage tsakaninsa da tukunyar ƙasa irin ta matarsa.

A jirgin ƙasa Yaya ya rungumi tukunyar toka, ni na rungumi tulun yakuwa a naɗe cikin tsohon zane. Kwana da yini muna hararar juna ta saman kan Nanna, shi kuma yana kallon gonaki ta taga. Wadina ta kwana tana tambayar fasinjoji unguwar da ake samun siliki na gaske, wai don kada a cuci 'yan uwanta da suka ba ta saƙo.

Muka sauka a masaukin mutanenmu da ke bayan matakalar Kedar mai gangarawa kogi, cikin wani lungu da in saniya ta ga dama ta tsaya sai kowa ya jira ta gama tunani. Nanna ya sha wahalar lungun nan. Sau uku muna raɓewa jikin bango masu ɗauke da gawa su wuce da waƙarsu, kuma duk wucewa sai ya bi makarar da ido har ta sha kwana. Wannan kallon bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Wanda zai ja mana addu'o'in shi ne Sastiri Garu, malamin ibada mai jin harshenmu, mutum mai tumbi da toka a goshi da waya a soke a ƙugu. Da la'asar na ce wa Wadina zan je sayen furanni, na zagaya ɗakinsa. Ina isa ƙofa na yi kiciɓis da Yaya Ranga yana fitowa.

"Ke kuma fa?" ya ce.

"Lokacin wanka na zo tambaya."

"Ni ma."

Sastiri Garu ya saurare ni yana ɓare gyaɗa. Na gaya masa komai ban da zancen ƙarin da nake yi wa tulu. Na roƙe shi ya ce wa Nanna bai dace mai makoki ya bar abincin hannun matarsa ba, ko ya ce littattafai sun hana, ai babu wanda zai je ya duba.

"'Yata," ya ce, "yayanki ya ce in tsoho bai bar yakuwa ba mutuwa zai yi. Ke kin ce in ya bari mutuwa zai yi. To, ko ma dai yaya ne kun kawo shi garin da ya dace."

"Ba wasa ya kawo ni ba, Sastiri Garu."

"Ni ma ba wasa nake ba. Tambaya ce aikina, amsa ta mai baki ce. Da sassafe ku fito, ina da wasu mutanen garin Nellore bayanku."

Da na ga malami ba zai yi min aiki ba, na koma kan tsohon da kaina. Na cuɗa masa shinkafarsa da yakuwa, na durƙusa gabansa yana 'yan lomominsa.

"Nanna, gobe in an tambaye ka, garafuni za ka ce. Ni ma shi zan ce. Kowa shi yake cewa."

"Me garafuni ya yi min?"

"Bai yi maka komai ba, shi ya sa ba za ka yi kewarsa ba. Kada ka saurari Yaya. Ka ji?"

"Na ji," ya ce, ya wanke hannu.

Da gari ya waye muka shiga kwale-kwale zuwa tsakiyar kogi. Yaya Ranga ya kwance bakin tukunyar, Sastiri Garu yana karantawa, ya juye tokar ta bayan kafaɗarsa ba tare da ya waiwaya ba. Ni na waiwaya. Wani ɗan fari-fari ya bazu a kan ruwa, furanni suka bi shi, kafin in share ido ya ɓace. Matar da muryarta take kaiwa layi na uku in tana kiran mai kayan miya, ga iyakar abin da ta zama. Na yi kuka sosai, Yaya ma ya yi, har Wadina ta yi, kuma nata ma na gaske ne. Nanna kaɗai ya zauna riƙe da gefen kwale-kwalen, idonsa a bushe.

Muka dawo bakin matakala muka yi nutso. Sastiri Garu ya jera mu cikin ruwa iya gwiwa, tufafi a jiƙe, sanyi yana kaɗa mu, masu ziyara na masaukinmu sun taru a sama suna jiran layinsu. Ya fara da Yaya Ranga.

"Me ka bar wa Ganga?"

Yaya ya ɗebi ruwa, ya rufe ido kamar mai yanke hannunsa. "Fiya."

"Ka taɓa cin ta?"

"Sau ɗaya, a jirgin sama."

"Ganga ta gode," in ji Sastiri Garu, ya karanta, Yaya ya saki ruwa.

Wadina ta sunkuyar da kai ta ce abin da maigida ya bari ita ma ta bari. Ban da tabbacin ta san kamannin fiya, amma ta saki ruwanta da ajiyar zuciya.

Aka zo kan Nanna. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗebi ruwa, ƙasusuwan ƙirjinsa duk a waje. Na kafe shi da ido ina motsa leɓe, garafuni, garafuni.

"Yakuwa," ya ce, da murya mai ƙarfin da rabon da in ji ta tun kafin rasuwar.

Jama'ar da ke matakala suka yi gunagunin mamaki, don a cikinsu babu wanda bai san matsayin yakuwa a bakin mutumin ƙasarmu ba. Ni kuwa abin da na ji shi ne mahaifina ya tsaya gaban kogi ya sanar cewa ya gama da duniya. Ya kawo matarsa, ya bar abincinsa, saura makarar nan da yake bi da ido. Zuciyata ta tafasa. Tun Sastiri Garu bai kai rabin karatu ba na dumbuzo ruwa na matsa kusa da shi.

"In ka bari na bari," na ce. "Yakuwa, ni ma."

Lissafina mai sauƙi ne. Nanna ya san yadda nake son ta, ya san ni ce yarinyar da ake ɓoye wa tulu a saman kabad. Ba zai yarda ya raba ni da ita ba, zai ja da baya, ya ce garafuni, mu koma gida.

Ya juyo ya dube ni. "Mani, ke ki faɗi garafuninki."

"Sai ka faɗi naka."

"Ba ruwanki da wannan. Zubar da ruwan nan ki ɗebi wani."

"Kai ka fara zubarwa."

Ya dubi Yaya, ya dubi malami, ya dubi jama'a. Sastiri Garu ya kai ƙarshen karatu ya ɗaga gira yana jira, mutanen Nellore sun fara tari a bayanmu. Nanna ya karkata tafinsa, ruwan ya zube.

Ba wanda ya tilasta ni. Ina iya cewa na fasa, babu mai kama ni. Amma ga Wadina tana kallona da ɗan murmushin nan nata, ga Yaya yana ƙoƙarin ɓoye nasara a bayan hawaye, ga rabin masauki a kan matakala. Taurin kan gidanmu ba a wajen baƙo na samo shi ba. Na karkata nawa tafin, na ji ruwan yana bi ta tsakanin yatsuna.

Abin da ya biyo baya sai ka ce biki. Wata tsohuwa ta sauko ta taɓa ƙafafun Nanna don girmamawa. Wani mutum ya nuna wa matarsa ni, ya ce ga 'ya ta gari, a zamanin nan. Sastiri Garu ya ce ya daɗe a bakin kogin nan bai ga gida guda ya bar yakuwa mutum biyu ba, sannan ya duba wayarsa ya kira na gaba. Yaya Ranga ya rungume Nanna ya ce masa wannan shi ne daidai, kuma likita zai ji daɗi. Da ya gama jin daɗin, Wadina ta tuna masa cewa shagunan siliki sun buɗe, suka tafi.

Ni na kama hannun tsohon muka hau matakala, yana hutawa ina jiransa. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne me zan zuba masa da rana, me zan zuba masa gobe, da kuma wa zai riƙe min shi a jirgi in ya faɗi.

A masaukin da rana ake ciyar da kowa. Aka shimfiɗa ganyen ayaba layi-layi a ƙasa, masu rabo suna bi da bokitai. Na zaunar da Nanna a ƙarshen layi kusa da bango, don in ya ture abincin kada mutane da yawa su gani. Aka zuba shinkafa, aka zuba miyar wake, aka ɗiga man shanu. Na kau da kai don ba na son ganin turewar.

Da na juyo, rabin shinkafar babu. Nanna ya naɗe hannun riga, ya sunkuya, yana cuɗawa yana kaiwa baki, miya tana bin gwiwar hannunsa. Ya cinye ya ɗaga yatsa, mai shinkafa ya dawo. Aka kawo soyayyen dankali ya karɓa. Aka kawo kabewa da kwakwa ya karɓa. Aka kawo garafuni, ya ce a ƙara masa cokali ɗaya.

"Nanna," na ce, "mene ne haka?"

"Abinci," ya ce da cikakken baki. "Kin manta kamanninsa? Ni ma saura kaɗan."

"Wata da watanni kana ture min duk abin da na dafa."

"Da farko ne na ture. Daga baya wa ya kawo min? Na buɗe ido yakuwa, na rufe ido yakuwa, ga ki tsaye a kaina kamar mai gadin fursuna."

"Ai ita kaɗai kake ci. Ita ka fi so a duniya."

Ya haɗiye, ya sha ruwa, ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Mani, tun da aka haife ni ban taɓa son yakuwa ba. Tsaminta har cikin haƙorina nake jin sa. Yau na yi abin da kowane ɗan Tenali yake yi a bakin kogin nan, na bar abin da na tsana."

Na zauna ina kallonsa. Shinkafata tana hucewa, ban ko taɓa ta ba.

"Kullum sai ka ce a ƙara," na ce. "A gabana. Shekara da shekaru."

"Makon da aka kawo uwarki gidanmu, duk abin da ta dafa sai kakarki ta kushe a gaban mutane. Shinkafa ta caɓe, miya ta tsinke. Yarinya ta koma bayan rijiya tana kuka. Abu ɗaya ta zo da shi daga gidansu, yajin nan, ta ɗan ɗiga min a gefen ganye. Na ci, na ji kamar an watsa min teku a baki. Na dubi kakarki na ce a ƙara min, ban taɓa cin abu mai daɗinsa ba." Ya ɗebo dankali. "Bakin kakarki ya rufu. Uwarki kuma ba ta sake barin ganyena babu shi ba. Yaushe zan faɗa mata? Bayan shekara ɗaya? Bayan goma? Ita da take tashi tun duhu ta je ta zaɓo ganye mai jan kara saboda ni?"

"To bayan ta rasu fa? Wa ya sa ka?"

Hannunsa ya tsaya a kan shinkafar. "Shi kaɗai ya rage a gidan da hannunta ya taɓa. Na ce zan cinye shi a hankali, ranar da ya ƙare in san abin da zan yi da kaina." Ya ɗago ya dube ni. "Sai ya ƙi ƙarewa. Ni da na tsufa ina auna yadi, a ce ban san tulu yana raguwa ko ba ya raguwa ba? Kuma naki bai kai nata muni ba, duk ƙoƙarinki. Kina jin tsoron gishiri."

"Ka sani, ka yi shiru."

"Yadda kike kallona in ina ci, haka take kallona. Na ga wata shekara arba'in ta taso min, ni kuma ba ni da ita. Na rasa bakin gaya miki. Na ce bari in zo in gaya wa Ganga, ita ba ta kuka."

Dariya ta taso min, kuka ya tare ta a hanya, na rasa wanda zan yi. Ga mahaifina yana cin abinci kamar mutum, abin da na yi watanni ina roƙon Shiwa, abin bautarmu, ya nuna min, kuma daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Amma a ƙarƙashin daɗin wani abu ya faɗo min a rai. A duk gidanmu, da masu fiya da mai yakuwa, ni kaɗai ce na bar abin da nake so. Kuma ba ganye kawai na bari ba. Duk lokacin da na sa yajin nan a baki mahaifiyata nake ji zaune a gabana, ko da ni na daka shi. Da safe na ba kogi tokarta, ban san kafin rana zan bi shi da sauran abin da ya rage min nata ba.

"Me ya sa ba ka hana ni ba?" na ce.

"Sau biyu na hana ki. Wa ya aike ki?"

"Da ka faɗi gaskiya a wurin."

"A gaban yayanki da matarsa da rabin Nellore, da tokar uwarki ko nutsewa ba ta gama yi ba? In ce matata ta shekara arba'in tana ba ni abin da ba na so?" Ya girgiza kai. "Na ɗauka za ki ja da baya. Na manta 'yar wace ce ke."

"Ba a warwarewa? In na koma wajen Sastiri Garu, in ce cikin fushi na faɗa?"

Ya ci gaba da cuɗa shinkafarsa, ya san na san ba a warwarewa.

Sai ga mai rabo na ƙarshe ya biyo layi da ƙaramin bokiti, wani dattijo mai gajeren wando, yana tafe yana sanarwa cewa yajin yakuwa ne, jiya aka kawo shi daga Guntur, can wajenmu. Mutane suna ta miƙa ganye. Tun yana nesa ƙamshin ya iso ni, man riɗi da tafarnuwa da tsamin nan, yawu ya cika min baki tun kafin in tuna. Ya tsaya a kanmu ya ɗago cokali, jan man yana ɗiga.

Nanna ya miƙa hannunsa na hagu ya tare saman ganyena. "Wuce, ɗan'uwa. Mu biyun nan mun bari."

Mutumin ya dube mu da girmamawa, ya sunkuyar da kai ya wuce. Na bi bokitin da ido har ya kai ƙarshen ɗaya layin. Nanna bai janye hannunsa ba sai da ƙamshin ya yi nisa. Sannan ya tsinci soyayyen dankali daga ganyensa, ya zaɓi waɗanda suka fi soyuwa, ya ɗora min a kan shinkafata da ta riga ta huce.

"Ci mana, Mani," ya ce. "Kin rame."